Garmahon Inna Ya Sha Ruwa

A madafi nake zaune nake muku wannan rubutun, a kan kujerar tsugunno, hannuna duk gam da man katako. In kun ga harafi ya tsallake ku yi min uzuri. Ni ce dai Latifa, 'yar Malam Sammani mai Islamiyyar bakin kanal a nan gefen Bunkure. Masu tambayata ina maganar Surajo ta kwana, ga ta nan, amma sai kun fara sanin Inna da garmahonta, don a wuyansu komai yake rataye.

Inna Mairama ita ta haifi Babana. Idonta ya rufe tun ina ƙarama, amma duk gidan nan babu wanda ya kai ta gani. Da takunka take gane ka, da numfashinka take gane ka yi ƙarya. A ƙuryar ɗakinta akwai garmaho, irin na da mai tsayuwa da ƙafafu huɗu, tsawonsa ya kawo min ƙirji. Yana da murfi a sama, da ƙofofi biyu a ƙasa, da hannun da ake wainawa a gefe. Kakana ne ya saya mata suna amarci, tun kafin ya zauna ya zama malami. Ba ya kiɗa yanzu, faya-fayan sun daɗe da farfashewa. Goro da turare da kwalbar man zafi take ajiyewa a ciki. Amma kullum in ta idar da lazimin safe sai ta lallaba ta shafa murfin nan daga wannan kusurwa zuwa waccan, sannan ta karɓi koko.

Baba ba ya ƙaunar ganinsa. Ya sha faɗa cewa kayan kiɗa ba su dace da gidan da ake karatu ba. Darajar Inna kawai garmahon yake ci.

Surajo ma darajar Inna yake ci. Ɗalibin Baba ne a da, bai yi nisa ba ya gudu. Ya yi acaɓa, ya bi motar tumatir zuwa kudu, ya yi gyaran injin ban ruwa, yanzu ya tsaya a sana'ar kafinta a Kura. Ranar da ya fara aiko a yi masa sallama da ni, Baba cewa ya yi, “Wanda ya kasa zama gaban allo shi zai iya zaman aure?” Inna ce ta ɗaga murya daga ɗaki ta ce, “A bar shi ya riƙa zuwa. Na ji gaisuwarsa, ba muryar mayaudari ba ce.” Wannan maganar ita kaɗai muke riƙe da ita, ni da shi.

To, jikarta ta Dawakin Kudu ta haihu, 'yar Gwaggo Sa'a, aka zo aka ɗauki Inna ta je ta zauna musu. Da za ta shiga mota ta damƙa min ɗan mukulli a tafin hannu ta matse.

“Ke 'yar rigima, ɗakina amana ne. Garmahona kuma ko ƙuda ya sauka a kai ina so in dawo ki faɗa min.”

“Inna, ƙudan ma sai na rubuta sunansa?”

“Da na ubansa.”

Dariya na yi. Wallahi dariya na yi.

Ɗakin Inna shi ne na ƙarshe, bayansa ƙaramin kanal ne ya wuce. Wani daga cikin masu lambu ya tare ruwa da buhunan ƙasa don ya juya gonarsa, ya tafi ya manta. Da safe na buɗe ɗakin zan yi shara, ƙafata ta nutse har idon sawu. Tabarma tana yawo, takalman Inna suna yawo. Garmaho yana tsaye a cikin ruwa, jikinsa ya tsotsa ya yi baƙi har wajen ƙofofin.

Ihun da na yi a zuci na yi shi, don Baba yana soro da ɗalibai. Na ruga na jawo Umma.

“Innalillahi,” in ji ta, ta dafe ƙirji. “Kama mu fitar da shi rana, maza.”

Ku gaya min, ku da kuka tashi a garin noman rani, me za ku yi? Mu duk abin da ya jiƙe rana muke ba shi. Shinkafa rana, tumatir a yanka a baza ya zama kauɗa, albasa rana. Muka cicciɓe shi muka kai filin bayan ɗakuna inda aka shanya shinkafa shanshera a kan tamfol, muka ajiye shi a tsakiya, muka buɗe murfi da ƙofofi don ya sha da kyau. Ranar bazara ce, irin wadda take ƙona tafin ƙafa. Har juya shi na riƙa yi don kowane gefe ya samu.

Da la'asar na je dubawa, sai na yi salati. Ashe kyakkyawan jan katakon da muke gani siririyar fata ce aka liƙa a kan wani katako. Duk ta ɗaɗɗago ta nannaɗe kamar kauɗa. Murfin ya tsage. Na kai hannu kusurwar dama, daidai inda Inna take fara shafawa, sai ta ɓalle a hannuna ta zama gari. Gara ta daɗe da cinye cikinta, fatar ce kawai take rufe da asiri.

Na ɗauki hoto na tura wa Surajo. Ko minti ba a yi ba ya kira, na kashe, don muryar namiji a wayata a tsakar gida wani tashin hankalin ne. Sai saƙo:

“Wa ya sa shi a rana???”

“Ni da Umma.”

“Latifa, shinkafa ce?”

“Ka bar ni da abin da yake damuna don Allah.”

“Yi haƙuri. Ku mayar da shi inuwa yanzu, ku rufa masa zani. Gobe in zo da a-daidaita in ɗauka.”

Nan fa ɗaya. Ƙofar gidanmu guda ce, ta soro, kuma soro nan ne ajin Baba. In ya tafi gona ƙaninsa yana nan. Garmaho ba zai fita ba a gan shi ba, in kuwa Baba ya gan shi a haka, murhu zai ce a kai shi. Surajo kuma ba zai shigo ba. Gidanmu ba a shiga, ko mai gyaran wuta sai an kulle mu a ɗaki Baba ya tsaya a kansa.

Na rubuta masa haka. Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina kallo. Can ya ce:

“To ke za ki gyara. Ni ne kai, ke ce hannu.”

“Ni ko ƙusa ban taɓa bugawa ba.”

“Kin iya guga?”

“Na iya.”

“Kin iya lalle?”

“Ka fi kowa sani.”

“Shi ke nan kin iya. Akwai rariya a katangarku ta baya?”

Ta rariyar da ruwan wanke-wanke yake fita kayan suka shigo, a ƙulle cikin baƙar leda: robar farin gam, samfefa ta goge katako, ɗan gwangwanin man katako, da robar tayar keke da ya yanka dogo-dogo. Na durƙusa ina jawo ledar, ina hango ƙafarsa ta ramin, silifas shuɗi da babban yatsa mai tabo. Yatsan kawai ya motsa min sau biyu ya wuce. Zuciyata kamar ta faɗo cikin kwatar.

Umma ta gani. Ta kau da kai ta ce, “Ni ban ga komai ba, kuma in aka tambaye ni ba zan yi ƙarya ba. Ki san yadda za ki yi kada a tambaye ni.”

Muka mayar da garmahon ɗakin Inna na shiga aiki, kullum tsakanin azahar da la'asar, lokacin da Baba yake kewaya gona. In sa abin ji a kunne ɗaya, ɗayan kunnen yana soro. Saƙon muryar Surajo yana bi da ni a hankali, ana jin ƙarar zarto a bayansa.

“Ki jiƙa tsumma ki matse sosai, ki ɗora a kan fatar da ta nannaɗe. Dutsen gugar kada ya yi zafin kayan Malam, ɗumi kawai. Ki danna ki ɗaga, kada ki ja. Za ki ga ta kwanta da kanta. Kada ki tilasta mata, tsohuwa ce, lallashi take so.”

Da gashin kaza nake tura gam ƙarƙashin fatar, in shimfiɗa leda, in ɗora dutsen niƙan Umma a kai. Ƙafafun da suka saki na naɗe su da robar taya na ɗaure tam. Wani wurin ya kwanta lafiya, wani ya tsage ina ji ina gani, in zauna in yi kuka in share in ci gaba. Doguwar rigata ta atamfa mai ruwan goro, wadda Surajo yake cewa ta fi yi min kyau, duk gabanta ya bushe da gam.

Rannan ina tsaka da danna dutsen guga na ji gyaran murya a tsakar gida. Baba ya dawo da wuri. Na janyo zanin gado na yafa wa garmaho, na tura robar gam ƙarƙashin gado da ƙafa, na tsaya riƙe da dutsen guga kamar wadda aka dasa.

Ya ɗaga labule. Farar jallabiyarsa duk taɓo a ƙasa.

“Me ake yi a ɗakin Inna da gawayi?”

“Ruwa ne ya shiga, Baba. Ina busar da kaya.”

Ya dubi zanin gadon, ya daɗe yana dubansa.

“Wancan akwatin bai bi ruwan ba?”

“Yana nan, Baba.”

“Da ya ruɓe ai da an huta.” Ya saki labule, sai kuma ya sake ɗagawa. “Wannan warin fa?”

Daga madafi Umma ta ce, “Malam, ruwan wankanka yana hucewa.” Ya tafi. Na zame na zauna a ƙasa, sai a lokacin na ga dutsen gugar ya ƙona min gefen hannu ban ma ji ba.

Fatar duk ta kwanta, tsagar murfi ta haɗe. Saura kusurwar da ta zama gari, kuma ita ce wadda hannun Inna yake fara sauka a kai. Surajo ya ce in auna masa da tsinken tsintsiya, tsawo da faɗi da kauri, kowanne in karya daidai, in kuma yanka kwali a kan siffar gurbin. Na ƙulle na tura ta rariya. Sai ya yi shiru. Na yi sallama ba amsa, na tura alamar tambaya ba amsa. Da ya dawo cewa ya yi:

“Duk katakon da ke Kura ɗanye ne, fari fat. In na sa shi zai tsuke ya faɗo, kuma hannun Inna zai gane sabo ne. Tsohon itace nake nema wanda hannu ya daɗe yana shafawa.”

“Ka samu?”

“Zan samu.”

Jiya ya turo shi, a naɗe a ƙyalle. Ɗan guntu ne, bai kai tafin hannuna ba, duhu-duhu, santsi kamar an shekara ana murza shi. Na gwada a gurbin, ya zauna ɗas kamar da shi aka haife shi. Na shafa gam, na ɗaure da roba, na kwana ina murna.

Yau da hantsi na kwance robar, na ɗauki samfefa zan ɗan goge bakin haɗin. Ina gogawa ƙura ta tashi, sai wani ƙamshi ya bugi hancina. Na san shi. Duk wanda ya tashi a gidanmu ya san shi. Ƙamshin soro ne da safe in ana wanke alluna, tawada da ƙaro da jiƙaƙƙen itacen aduwa.

Na ɗauki waya na rubuta masa:

“Surajo, katakon me ka ba ni?”

Ya gani.

“Ka gaya min don girman Allah.”

“Allona ne.”

Na zauna a bakin gadon Inna.

“Na wanke shi tas,” ya ci gaba. “Babu harafi ko ɗaya. Gefe na yanka, ba tsakiya ba. Shi kaɗai ne tsohon itacen da nake da shi, Latifa.”

“Allon da Baba ya ba ka?”

“Shi.”

“Yana wurinka duk shekarun nan?”

“Ina zan kai shi? Har kudu da shi na je, a ƙasan jaka.”

“Ka san me ka yi? Allon karatu a jikin garmaho, a gidan Malam Sammani, kuma da hannuna!”

“Na yi tunanin hannun Inna, ban yi tunanin wannan ba. Ki gwada cirewa.”

Na kawo wuƙa na sa a bakin haɗin. Ko motsi. Na ƙara ƙarfi, sai na ji murfin ya yi ƙara a daidai tsohuwar tsagar. In na matsa, duka zai rabe. Ina tsaye da wuƙa a hannu Umma ta leƙo, fuskarta ba daɗi.

“Gwaggonki ta kira. Inna ta ce ta gaji da garin mutane, sun taso tun ɗazu.”

Na shafe kusurwar da man katako, na goge da tsumma, na mayar da goro da turare da kwalba kowanne inda yake. Umma ta zuba turaren wuta har ɗakin ya yi duhu. Na canja riga, na sa hijabi mai ruwan toka don in ɓoye ƙunar hannuna. A ido, wallahi, garmahon ya fi yadda yake a da kyau. Amma ba mai ido muke jira ba.

Ta shigo tana dogara sanda, Gwaggo Sa'a tana riƙe da jakarta. Na durƙusa na gaishe ta.

“'Yar rigima, muryarki ta yi laushi. Me kika fasa?”

“Babu, Inna. Sannu da hanya.”

A bakin ƙofa ta tsaya ta shaƙi iska.

“Turaren nan ya yi yawa. Ɗakin nan ya sha ruwa.”

Ta miƙa wa Gwaggo sandar, ta taka kai tsaye zuwa ƙurya. Ta fara da ƙofofi, ta gangara ƙafafu, yatsunta suna tsayawa a duk inda na liƙa, ɗaya bayan ɗaya, kamar tana bin sawuna. Ta hau murfi ta bi tsagar har ƙarshe. Sannan tafinta ya sauka a kusurwar dama.

Ya tsaya a nan.

Ta murza da babban yatsa. Ta kankara da farce, ta kai hanci. Ta ɗan lasa.

“Latifa.”

Rabon da ta kira ni da sunana har na manta.

“Na'am, Inna.”

“Tun kafin a haifi ubanki nake wanke wa kakanki alluna. Wannan aduwa ce da ta sha tawada. Allon wa aka yanka?”

Hawaye suka zubo min. Na faɗa mata komai, ruwan, da ranar, da dutsen guga. Sunansa ne ya maƙale, sai da ta ce “Ina jinki” sannan ya fito.

“Kira min ubanki.”

Baba ya shigo ya tsuguna ya gaishe ta. Ta lalubo hannunsa ta ɗora a kusurwar. Ya sunkuya ya duba, ya sansana, na ga jijiyar goshinsa ta tashi.

“Inna, allo ne wannan. Allo a jikin kayan kiɗa!”

“Fatawa na tambaye ka? Na yaron nan ne, Surajo. Kai ka ce min ya watsar da karatu ya bi duniya. Ga shi allon da ka ba shi yana hannunsa har yau.”

“Yana hannunsa ya sa masa zarto, Inna.”

“Ya sa. Dalilin nake so in ji daga bakinsa, ba daga naka ba.”

Baba ya juyo gare ni. Bai ɗaga murya ba, kuma na fi tsoron hakan.

“Ta ina katako ya shigo gidana?”

“Ta rariya, Baba.”

Gwaggo Sa'a ta toshe baki da mayafi. Baba ya miƙo hannu, na san me yake nufi, na sa masa wayata. Bai karanta komai ba, lambar Surajo ya ce in nuna masa, ya danna da kansa ya sa muryar a fili. Bugu ɗaya aka ɗauka.

“Ranki ya daɗe, ya ciru?”

“Sammani ne.”

Wani abu ya faɗi a can ɓangaren, kamar guduma.

“Ka ɗauko ragowar allon ka zo yanzu. Ina soro.”

“Ba soro ba,” in ji Inna. “Ƙafata ta gaji. Nan zai zo.”

“Inna, gidan nan…”

“Ni na shigo gidan nan kafin kai. Nan.”

Baba ya dubi Inna, ya dubi wayar. Sannan ya ce a wayar, “In ka iso ka yi sallama ka wuce ciki,” ya ajiye min ita a kan gado ya ce mu fita.

Shi ya sa nake madafi. Ta tsagar ƙyauren langa-langa na ga shigowarsa, da rigar aiki duk garin katako, ya cire silifas tun daga soro, ya rungume allon a ƙirji, gefensa guda a yanke. Bai dubi ko'ina ba. Tun da nake, ban taɓa ganin baƙon namiji ya ratsa tsakar gidan nan da ƙafarsa shi kaɗai ba. Umma tana gefena tana jan carbi, shinkafar da ta ɗora ta kama ba ta sani ba.

Sun daɗe a ciki. Na ji muryar Inna, na ji tasa ƙasa-ƙasa, ban ji me suke cewa ba. Na ji Baba ya yi magana mai tsawo.

Yanzun nan Baba ya leƙo ya ce a miƙo masa tawada da alƙalami daga soro. Gwaggo ta kai. Na matsa jikin bango na manna kunne, sai na ji muryar da yake yi wa ɗalibai, wadda babu wasa a cikinta:

“Kafin a yi maganar komai. A ina ka tsaya?”

Surajo ya faɗi sunan surar.

“To biya min ita da ka. Inna tana ji.”

Shekara nawa rabonsa da ita, ni ban sani ba. Umma ta damƙe hannuna daidai kan ƙunar, ban janye ba.

Ya yi gyaran murya. Ya yi bisimilla.